Sawun Da Ya Mutu a Tudun Ɗorawa

Da azahar ɗin wata Talata, cikin kakar gyaɗa, a shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, wani makiyayi mai suna Bappa ya iso ƙofar gidan Hakimi a Karaye, ba hula, ba sanda. Wanda ya san Bafulatani ya san in ya bar sandarsa a gida, to, abin da ya koro shi ba ƙarami ba ne. Duk da haka sai da ya tsuguna ya kai gaisuwa har ƙarshenta, ya tambayi lafiyar iyali da ta dawaki, sa'an nan ya ce an kwashe masa bijimai biyu daga rugarsa da ke bayan Beli.

"Ka bi sawu?" in ji Hakimi.

"Na bi, ranka ya daɗe. Sawun ya kai bakin wata gaɓa ya tsaya. Daga nan ko dai sun yi fiffike, ko kuwa mota ce ta ɗauke su, don akwai sawun taya."

Satar shanu tsohuwar sana'a ce a ƙasarmu, kowa ya san ƙa'idojinta, har su ɓarayin. Amma bijimi a cikin mota sabon abu ne, sabon abu kuwa a wancan zamani ba ya kwana bai kai kunnen Di'o, wato Baturen mulki, ba, kuma abin da ya kai kunnen Di'o kan dawo wa Hakimi da tambayoyin da ba su da daɗin amsawa. Nan take ya ba da umarni kada wata mota ta fita daga gunduma sai an gano gaskiya. Umarnin bai yi wuyar cikawa ba. Ban da manyan lorin Kano, waɗanda ba sa sauka daga babbar hanya, motocin da ke iya shiga daji a ƙasar biyu ne rak, dukkansu kitika, wato ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya. Ɗaya ta Maikuɗi ce, mai sayen gyaɗa. Ɗayar ta Ɗanmaliki ce, wani ɗan kasuwa na Rogo.

Ni ne malamin Hakimi a lokacin. Aka haɗa ni da Dabo na Kafin Dafga, mai bin sawun gunduma, domin in zama shaidar abin da ya gani. Dogon tsoho ne siriri, wanda ke magana da Hausa in dole ta kama, ya koma Fulatanci in ransa ya ɓaci.

*

Washegari da safe muna bakin gaɓar. Wuri ne da ruwa ya zaizaye har ƙasa ta yi tudu daidai tsayin bayan kitika. Ɓarawon ya jingina motar a nan, ya kora bijiman suka shiga da ƙafarsu. Dabo ya daɗe a tsugune. Ni kuwa ina riƙe da kekena, ina tunanin abin da zan gaya wa Hakimi in tsohon ya ce shi ba ya bin sawun ƙarfe.

"Ban san mota ba, Malam," in ji shi daga bisani, "amma ƙafa huɗu gare ta, kuma tana da ciki. Dubi zuwanta, sama-sama take taka ƙasa. To, dubi komawarta."

Ya nuna mini tudun ciyawar nan da ke tsakanin sawun taya biyu. An karce shi, ciyawar ta kwanta, a wasu wurare ma ƙarfe ya fere marmara ta yi ja sabuwa.

"Kayan sun fi ƙarfinta. Jan ciki take yi kamar guza."

Muka bi jan cikin nan ta burtali, tsakanin gonakin dawa da ba a yanke ba tukuna, har rana ta take tsaka. Ya kai mu wata 'yar unguwa a ƙasar Jajaye da ake kira Tudun Ɗorawa. A bakin unguwar akwai masussuka, fili mai tauri inda mata ke barin turamensu a kaka. Sawun ya shiga filin. Daga nan babu shi. An kora garken shanu sun tattake wurin, aka kuma bi baya da tsintsiya, shara irin ta jajibirin salla.

Akwai wata ƙa'ida da 'yan baya ba su tarar ba. In sawun sata ya shiga gari, wajibi ne mai garin ya fitar da shi, wato ya nuna wa mai bin sawu inda ya fita ta ɗaya gefen, ya miƙa shi ga gari na gaba. In ya kasa, sai a ce sawu ya mutu a hannunsa, kuma shi ne ɓarawon ko mai masaukin ɓarawon har sai ya kawo wani. Ƙa'ida ce mai kyau. Ta kama ɓarayi da yawa, ta kuma koya wa mutanen kirki tsoron sawu fiye da tsoron ɓarawo.

Dabo ya zagaya unguwar. A kan hanyoyin fita akwai sawun taya birjik, amma duk na mota ne mai tafiya a miƙe, babu mai jan ciki ko ɗaya. Aka ce mana na Maikuɗi ne, kullum yana shigowa ɗaukar gyaɗa.

Mai unguwar, Halliru, bai daɗe da gadon rawanin mahaifinsa ba, har a lokacin yana yawan taɓa shi kamar bai yarda yana kansa ba. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo fura.

"Mai unguwa, wa ya share filin nan?" in ji Dabo.

"Masussuka ce, Baba Dabo. Ai ana share masussuka."

"Da garken shanu?"

Halliru ya dubi ƙasa.

"Ka ji ƙarar mota daren Litinin?"

"Na ji. Na ɗauka ta Maikuɗi ce. In kaka ta yi ba shi da dare ba shi da rana."

"Me ke tsakaninka da Maikuɗi?"

"Ƙanwata Habiba yake aure."

Da Halliru ya zauna ya zaɓo amsoshin da za su ɗaure shi, da bai samo waɗanda suka fi waɗannan ba. Dabo ya sake tambayarsa wanda ya yi sharar, sau biyu, da lallashi. Sau biyun ya ce shi bai ga kowa ba.

*

Hakimi ba mugun mutum ba ne, amma ƙa'ida ƙa'ida ce, kuma Di'o na nan tafe rangadi. Ya sa aka tsare Halliru a gidan sarkin dogarai. Ya ce in kasuwar Rogo ta sake ci ba a fitar da sawu daga Tudun Ɗorawa ba, za a tuɓe masa rawani a bainar jama'a, a miƙa shi ga Alƙali, daga can kuwa kowa ya san gidan yari ne.

Jama'a ba su jira kasuwa ba, sun riga sun yanke hukuncinsu. Maikuɗi ne ya sata, surukinsa ya share masa sawu. Aka daina gaisawa da mutanen Tudun Ɗorawa a bakin rijiya. Wani ma ya tuna cewa tun Halliru na yaro ba ya kallon mutum ido cikin ido, abin da a da ake yaba masa a kai, ana cewa kunya ce.

Muka je Rogo muka sami Ɗanmaliki a ƙofar gidansa. Mutum ne mai tsafta da son turare, shi ke tuƙa motarsa da kansa. Ya tarbe mu da goro.

"Baba Dabo, ai kai ka fi kowa sanin nauyin bijimi. Biyu? A wannan?" Ya shafa motar kamar ana shafa doki. "Tawa mota ce ta mutunci. Buhu goma ka ɗora mata sai ta durƙusa kamar raƙumi. Amma akwai wanda duk Rogo ta ji shi yana alfahari ya ƙara wa tasa ƙarfe a maƙerar Lado, wai ko giwa zai ɗauka. In har wadda aka ƙara wa ƙarfe ta ja ciki, tawa ai ko motsi ba za ta yi ba. Ni dai ban kira suna ba."

Dabo ya zagaya motar. An wanke ta fes, tana tsaye cak, gindinta a sama. Ba ta yi kama da abin da ya sha wuya kwanan nan ba.

Maikuɗi kuwa a rumfar awon gyaɗa muka same shi, ƙato mai murya kamar tsawa, yana faɗa da masu ɗinkin buhu.

"Na faɗa!" in ji shi tun Dabo bai rufe baki ba. "Na ce ko giwa. To, giwa aka sata?"

"Ina kake daren Litinin?"

"Ina cikin motata, ita kuma tana inda gyaɗa take. Ku je ku tambayi gyaɗar." Sai ya sassauta murya. "Baba, ku sake yaron nan Halliru. Ko kazar maƙwabci ta shiga gidansa sai ya rako ta har gida. Habiba ta hana ni barci da kuka."

Muka fito ba mu ƙaru da kome ba. Dabo ya yi wata doguwar magana da Fulatanci, ban nemi fassara ba.

*

Ana gobe kasuwa muka je maƙerar Lado, domin shi kaɗai ya rage ba mu tambaya ba. A jingine da bangon maƙerar akwai sifirin, wato faffaɗan ƙarafan nan masu lanƙwasa kamar baka, da ake jerawa falle bisa falle a ƙarƙashin mota domin su ɗauki nauyin kaya. Lado gajere ne mai ido ɗaya, kuma duk wanda ya shiga maƙerarsa sai ya biya harajin zolaya.

"Lale da Fulani! Yau kuma saniyar ce ke neman sifirin?"

"Ba ta nema ba, sace ta aka yi a kai. Lado, me ka yi wa motar Maikuɗi?"

"Abin da ya zaɓa. Ai zaɓin biyu ne, duk mai kitika sai na shimfiɗa masa su. Ko ka bar ta da masu laushin da ta zo da su, ka ji kamar a kan katifa kake, amma ranar da ka danna mata kaya sai su miƙe, gindinta ya sha ƙasa. Ko kuma ka ƙara falle, ta ɗauki kaya kamar jaki, amma in ba kaya, duk kunyar gonar da ta taka sai hantarka ta gaisa da haƙoranka. Maikuɗi ya ce hantarsa ta wahala. Fallen lori na yanka na ƙara masa, hagu da dama. Direbansa har yau ba ya gaishe ni."

"Bijimai biyu za su sa ta jan ciki?"

"Ko ka ƙara da kai, da malamin nan, da kekensa."

"Ɗanmaliki fa?"

"Shi katifa ya zaɓa. Tun damina nake ce masa fallensa sun gaji, gindin motar ya fara sauka kamar na tsohuwar jaka. Ya ce shi amare da manyan mutane yake ɗauka, ba zai girgiza su ba."

"Mun gan ta," in ji Dabo a hankali. "Tana tsaye cak."

Lado ya ajiye guduma. "To, ba hannuna ba ne. Kuma daga nan har Kano ba wani mai taɓa sifirin sai ni."

Dabo ya dubi sifirin da ke jingine da bango. Sa'an nan ya ce, "In mota ta durƙusa a daji, ba maƙeri kusa, me direba yake yi?"

"Ya ɗaga ta da jak, ya samo icce gajere mai kauri, ya cusa tsakanin ƙarfen tayoyin baya da jikin motar, nan ɗaya can ɗaya, ya ɗaure. Sai ta miƙe, sai dai fa ta zama amalanke. Kuma ba kowane icce ba. Ɗanye tsagewa yake yi. Sai busasshe mai tauri, irin su kirya."

Dabo ya miƙe. A waje ya ce mini, "Malam, ta shiga unguwar da jan ciki, ta fita a tsaye. Na tsallake sawunta da ƙafata, na ce na Maikuɗi ne." Ya kama hanyar Jajaye da saurin da kekena ya sha wuyar bi.

*

La'asar ta yi sanyi muka isa masussukar. Dabo ya bi itatuwan da ke kewaye ɗaya bayan ɗaya yana neman inda aka sara, bai samu ba. Na ga gumi a goshinsa, ba na tafiya ba. Matan unguwar suna daka, ba wadda ta ɗaga kai ta dube mu. A can gefe wata tsohuwa tana fama da babban turmi da wata 'yar taɓarya irin ta dakan yaji. Ita ce Sauda, mahaifiyar Halliru, wadda kowa a unguwar ke kira Goggo.

Dabo ya tsuguna nesa kaɗan ya gaishe ta, ya tambayi gida da jikoki da haƙurin da ake ciki. Sa'an nan ya ce, "Goggo, turmi babba, taɓarya ƙarama."

"Aro ce. Kai da aka ce sawun shanu kake bi, yau ka koma ƙirgar taɓare?"

"Ina taki?"

"Ta tafi inda tsofaffi ke tafiya."

"Goggo, gobe kasuwa za ta ci. In ta ci, za a warware rawanin ɗanki a gaban mutane. An tambaye shi wanda ya yi shara, ya ƙi faɗa. Na daɗe a duniya, ban ga namijin da ke irin wannan shiru ba sai don uwarsa."

Ta ci gaba da daka, amma taɓaryar ta daina samun tsakiyar turmi. Can ta ajiye ta, ta zauna a ƙasa.

"Da asuba na fito," in ji ta. "Na tarar da sawun mota a filin nan, ga kashin shanu a ƙasa, ba kofato ko ɗaya. Na ce wannan ba alheri ba ne. Ina yarinya sawu ya mutu a garin mahaifina. Na ga abin da aka yi masa, ban ji a bakin wani ba. Sai na sa aka kora garke, na tara mata muka bi da tsintsiya. Na ce in babu sawu, me zai mutu a hannun Halliru?"

"Sawun da aka share ai ya fi kowanne mutuwa, Goggo."

"Yanzu na sani. Shi ya hana ni magana, ya ce ba za a kai uwarsa gaban dogarai yana raye ba."

"Taɓaryar fa?"

Ta shiga gida, ta fito da wani guntun icce a naɗe cikin zane. Ƙugun taɓarya ne, wato siririn tsakiyarta inda ake riƙewa, ya yi santsi da hannu, an sare shi da gatari ta kowane ɓangare.

"Kirya ce, ta uwata. La'anannen ya sare kawunanta biyu ya tafi da su, ya yar mini da wannan. Me mutum zai yi da kan taɓarya?"

Dabo ya karɓa da hannu biyu. "Gobe za ki gani. Amma sai kin zo Karaye kin faɗi abin da kika faɗa mini, har da tsintsiyar."

"Ni, a gaban Hakimi? Su ɗaure ni fa?"

"Ban san abin da za su yi miki ba. Na dai san abin da za su yi masa in ba ki zo ba."

Ba ta ce za ta zo ba, ba ta kuma ce ba za ta zo ba. Haka muka baro ta.

*

Ranar kasuwa, kasuwar ba ta cika ba, domin rabin masu cinta suna ƙofar gidan Hakimi. Aka kawo motocin biyu aka jera. Aka fito da Halliru, rawaninsa na kansa, sarkin dogarai na tsaye a bayansa daidai inda hannu zai kai. Bappa na zaune a gefe. Na duba cikin mata, ban hango Goggo ba.

"Dabo, ka fitar da sawu?" in ji Hakimi.

"Allah ya ja zamaninka, ina roƙon a fara auna motocin nan. Ba sai an kawo buhu ba, ga mutane."

Aka fara da ta Maikuɗi. Dogarai suka hau, 'yan kallo suka hau, har bayan motar ya cika. Ta ɗan sauka kamar faɗin yatsa, ta tsaya. Taro ya ɗauki guna-guni, ana cewa ga ta nan, wadda za ta ɗauki giwa. Maikuɗi ya fara rantse-rantse. Halliru ya rufe ido. Ɗanmaliki ya gyara zaman hularsa.

"Saura ɗayar," in ji Dabo.

"Ranka ya daɗe, za su karya mini ita!" in ji Ɗanmaliki. "Kowa ya san ba ta ɗaukar nauyi."

"Ka ce durƙusawa take yi," in ji Hakimi. "Da ta fara sai su sauka."

Mutum biyar suka hau, motar ba ta motsa ba. Aka ƙara wasu, ko faɗin yatsan da ta Maikuɗi ta sauka ita ba ta sauka ba. Maikuɗi ya daina rantsuwa, ya tattare rigarsa, ya hau da kansa, ya yi tsalle sau ɗaya don Allah. Motar na nan tsaye kamar an dasa ta. Guna-gunin ya mutu.

"Ɗanmaliki," in ji Hakimi, "raƙuminka ya ƙi durƙusawa."

Aka sauke mutane. Lado, wanda Dabo ya sa aka kira, ya kafa jak, ya shige ƙarƙashi da gudumarsa, aka ji bugu. Ya turo wani dunƙulen abu baƙi, ya sake turo wani. An shafe su da baƙin mai da laka har sun zama kalar ƙarfe. Da ya sauke jak, gindin motar ya bi shi ƙasa har ya kusa taɓa turɓaya, ta karkace hagu, inda falle biyu suka karye.

"Itace ne kawai, ranka ya daɗe," in ji Ɗanmaliki. "A hanya na tsince shi, tun damina. Kowane direba na yin haka."

"A hanyar masussukata ka tsinta?"

Goggo ce. Ashe tun safe tana bayan rumfar dawaki, ta lulluɓe da mayafi. Ta ratso taron, ta zube gaban Hakimi ta yi gaisuwa. Halliru ya yunƙura zai tashi, sarkin dogarai ya dafa kafaɗarsa. Dabo ya goge bakin itatuwan biyu da gefen rigarsa, ya kwantar da su a ƙasa, ya sa ƙugun a tsakani. Sara ya haɗu da sara. Taɓarya ce, ba mai gardama.

Goggo ta faɗi kome, har da garken, har da tsintsiyar, ba ta rage wa kanta ko ɗaya ba.

Daga nan Ɗanmaliki bai wahalar da kowa ba. Ya ce motar ta durƙushe masa sarai a bakin masussuka, ya ga taɓarya, ya ga gatari a cikin kayansa. Ya wuce da bijiman ƙasar Zazzau ya miƙa wa wani mahauci, ya dawo kafin gari ya waye. Da umarnin Hakimi ya fito sai ya rasa mafita. In ya cire itacen, motar za ta zube kowa ya gani. In ya je wurin Lado, Lado zai tambaya. Kano kuma an rufe masa hanya. Sai ya shafa mai, ya sa rai kasuwa za ta ci a kan wani.

"Wanne aka yanka?" in ji Bappa. Ita ce maganarsa ta farko tun safe.

"Farin," in ji Ɗanmaliki. "Jan yana nan."

Bappa ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba. Aka haɗa shi da dogari su je su karɓo jan, aka wuce da Ɗanmaliki wurin Alƙali.

*

Saura Halliru. Hakimi ya dube shi, ya dubi tsohuwar, sai kowa ya tuna cewa share sawu laifi ne mai zaman kansa, ko an kama ɓarawo ko ba a kama ba.

"Mai unguwa, an tambaye ka wanda ya yi shara, ka ce ba ka ga kowa ba."

"Na yi ƙarya, ranka ya daɗe."

"In aka sake, za ka sake?"

Duk taron ya san amsar da ke ceton rawani, har Halliru.

"Zan hana a share, ranka ya daɗe. Amma in an riga an share, ita ce dai ta haife ni."

Sarkin dogarai ya ɗaga hannu ya dubi Hakimi. Hakimi ya girgiza kai.

"Bar masa abinsa. Sawu ya fita daga hannunsa." Ya juya ga Goggo. "Ke kuma, Goggo, ban iya ɗaure sa'ar uwata ba. Amma tun da na ga mutanen Tudun Ɗorawa sun ƙware a shara, hanyar mota daga Jajaye zuwa Beli tana neman gyara kafin Di'o ya iso. Ku fito kwanku da kwarkwatarku, mai unguwa a gaba."

Bayan 'yan kwanaki aka aike ni in duba aikin. Na tarar da su cikin tsakar rana, maza na cike ramuka da marmara, mata na bi da tsintsiya, Goggo na zaune a inuwa tana gaya wa kowa inda bai share da kyau ba. Halliru na gaba da kwando a kafaɗa. An ce masa ya cire rawanin ko ya sha iska, ya ƙi. Na yi shekaru ina ganin mutane suna aikin hukunci, amma shi kaɗai na taɓa gani yana yi yana waƙa.